Ƙorafin Lyle Brubaker na Goma Sha Biyu

In ka shiga ofishin Lyle Brubaker a Dayton, bango za ka fara gani kafin ka ga mutum. Takardu goma sha ɗaya ne jere, kowace an sa ta cikin gilashi an rataye kamar shaidar digiri. Ba digiri ba ne. Amsoshin ƙorafin da ya kai gwamnati ne cikin shekara ashirin da biyu, kuma takwas daga ciki cewa suke an yi watsi da ƙararsa. Wannan bai hana shi bin su ɗaya bayan ɗaya duk safiyar Litinin yana goge musu ƙura da hannun riga ba.

Ubansa maƙeri ne a masana'antar kayan mota, shekara talatin yana gaban inji har aka rufe wurin, kuma ya bar wa ɗansa hannu mai kyau. Wannan kam ko maƙiyan Lyle sun yarda. Ya yi karatun injiniya, ya yi aiki a wani babban kamfani har ya gama faɗa da duk wanda ke sama da shi, sannan ya kama hayar wani tsohon shagon wanki da guga a gabashin gari ya kafa nasa. Har yau in rana ta yi zafi bangon yakan fitar da warin sitati.

Irin kamfaninsa ba sa ƙirguwa a garin nan, masu mutum biyu, masu mutum biyar, kowa ya zuba ido ga sansanin sojan da ke bayan gari. Sau biyu ko uku a shekara gwamnati takan fitar da jerin abubuwan da take son ƙananan kamfanoni su bincika su ƙera mata, kowane batu da sharuɗɗansa. Ka rubuta tayinka ka miƙa, a zaɓi wanda aka zaɓa. In ka ga an cuce ka, akwai wani ofishi a Washington da ke sauraron kuka.

A shekararsa ta uku aka jefar da tayin Lyle, wai ya zarce shafi ashirin, alhali har da bangon takardar suka ƙirga. Ya kai ƙara, ya ci. An cuce shi da gaske a wannan karon, amma wallahi da ma faɗuwa ya yi. Ranar da wasiƙar ta iso ya gano akwai abin da ya fi ƙera abu daɗi, wato a ce maka kai ne mai gaskiya a kan takarda mai tambarin gwamnati. Ya ajiye kayan aiki ya ɗauki jan biro.

Mutane suna karanta sanarwar kwangila ne don su ga abin da za su iya. Shi Lyle karantawa yake don ya gano wa aka auna aka ɗinka wa. In sharaɗi ya ce abu kada ya wuce laba shida, to akwai wani ɗan lele da nasa ya kai biyar da rabi. In ya ce a gwada cikin ruwan gishiri, to surukin wani yana da gida a bakin teku. Ya haddace dokokin ƙorafi kaf, kwana nawa ake da shi, ƙarfe nawa ake rufewa, wa ke da ikon kai ƙara. A gidan abincin Marge, inda masu ƙananan kamfanoni ke haɗuwa karin kumallo duk Alhamis, ba mai kiransa da sunansa. Lauya suke ce masa, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

To me kamfanin ke ƙerawa, tunda mai shi ya koma lauya? Nan ne maganar Dakta Vernice Whitlow ta shigo.

Ma'aikaciyar jinya ce a soja tun tana budurwa, daga baya ta koma makaranta ta zama injiniya. A wani fagen daga mai sanyi, can kan duwatsu, ta taɓa buɗe jakar jini ta tarar ya daskare, mutumin da ake son ƙara wa yana kwance yana kallonta. Ba ta cika ba da labarin ba. Amma shekara tara ke nan tana bayan shagon Lyle, inda injin guga yake a da, tana ƙera wani ɗan akwati da zai riƙe jini yadda yake, kada ya daskare kada ya ɗumama, ko da an binne shi cikin ƙanƙara. Ta sayi tsohon firijin masu askirim ta juya masa ciki har yana kai digiri arba'in ƙasa da sifiri, a nan take gwaji. Doka ta ce kowane tayi dole ya zo da sunan mai bincike da ke aiki a kamfanin, kuma a duk takardun Brubaker sunanta ne a wannan layin. 'Yan ayyukan da take yi a gefe su ke sa wutar shagon ba ta ɗauke ba.

Duk Juma'a takan buga rahoton gwajin mako, shafi biyu, ta ajiye a teburin Lyle. Shi kuma yakan ɗora kofin gahawarsa a kai.

Rabonsa da shiga ɗakin firiji shekara huɗu. A lokacin akwatin na riƙe jini awa talatin, kuma a ƙwaƙwalwar Lyle nan ya tsaya. A watan Janairu akwatin ya kai awa tamanin da ɗaya. Vernice ta rubuta adadin da manyan baƙaƙe a saman rahoton, ta ja layi biyu a ƙasa. Da ta leƙo za ta gaya masa da baki, yana tsakiyar sakin layi, ko ɗaga kai bai yi ba. Hannu kawai ya ɗaga mata ya ce, "Sa a tebur, Dakta."

Akwai wata al'ada a wannan harka. Kafin a buɗe karɓar tayi, gwamnati takan fitar da jerin wata guda cur, da sunan ma'aikacin da ya rubuta kowane batu da lambar wayarsa. A wannan watan kowa na iya kiransa ya tambayi abin da ya ga dama, me kake nufi da kaza, don me ka sa kaza. Ranar da watan ya cika ƙofa ta rufe, ba sauran magana da baki, sai dai a rubuto a rubuce kowa ya gani. Duk Dayton a wannan watan kunne na manne da waya, ban da Lyle. Kuma dokarsa ce, ba mai magana da gwamnati a kamfanin sai shi.

Da sabon jeri ya fito, Vernice ta shigo da takardar a hannu, tabarau a goshi.

"Lyle, ka ga batu na arba'in da bakwai? Akwatin jini ne fa. Shekara tara ina jiran wannan layin."

"Na gani."

"To ka kira mutumin mana. Ga sunansa nan, Mista Sipe. Shi ne ɗan gajeren nan da ya tsaya a teburinmu wajen baje koli bara waccan, ya yi ta tambaya har ƙafata ta gaji."

Lyle bai tuna ba, domin a ranar yana baranda yana musu da wani kan dokar kwana goma.

"In kira shi in ce me? Ranka ya daɗe a taimaka? Dakta, ni ba na roƙo. Waɗannan mutanen takarda kawai suke ji."

"Gaisuwa ce, ba roƙo ba. Minti biyar."

"Ke dai ki ji da firijinki, ki bar mini gwamnati."

Ta sauke tabarau ta dube shi. "To bari in gaya maka tun yanzu, kada gobe ka ce ban faɗa ba. Shekarata sittin da biyu. Wani kamfanin kayan asibiti a Columbus sun kira ni sau uku, ga yayata ma can take. Akwatin nan ne ya riƙe ni, shi kuwa na kamfani ne, ba zan iya ɗauka in tafi da shi ba. In wannan ya wuce mu, ba ni da wata shekara tara. Tafiya zan yi."

"Ba zai wuce mu ba ina raye," in ji Lyle.

Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin haushin ke nan.

Bayan ta fita ya ja takardar ya ɗauki jan biro. Sharaɗi na biyu ya ce akwatin ya riƙe jini awa saba'in da biyu cikin sanyin digiri arba'in ƙasa da sifiri, da batir ɗaya. Lyle ya zagaye adadin har biron ya huda takarda. Saba'in da biyu! Nasu talatin yake yi. Wa zai iya saba'in da biyu? Ai ba sai an faɗa ba, Harlan Pettibone, mai ma'aikata arba'in da ɗakin sanyi kamar masallacin unguwa don girma, wanda doka ke kira ƙarami don dai kawai doka ba ta da ido.

Ranar Alhamis ya tarar da Pettibone a wajen Marge yana fama da wainar fulawa da zuma.

"A'a, ga Lauya! Bana wa za a kai ƙara?"

"Wanda aka yi wa ɗinki ya san kansa."

"Ni? Mutumina, ni ko wandon da ke jikina a gwanjo matata ta sayo." Tebur ya fashe da dariya. Pettibone ya goge baki. "Ka kira Sipe kuwa? Yana ta tambayar mutanenku."

"Yana tambaya ne don ya san ramin da zai toshe."

"Allah ya shirye ka, Lauya. Marge, ƙara masa gahawa, wataƙila ya farka."

Watan waya ya cika, ƙofa ta rufe, Lyle bai kira kowa ba. Ya shiga ofis ya ja ƙofa. Kwana tara yana rubutu, shafi arba'in da ɗaya, Vernice kuwa tana bayan bango ɗaya tana rubuta tayin kamfanin, shafi ashirin. Bai gaya mata ba. A ransa kyauta yake haɗa mata: zai tilasta wa gwamnati ta sauko da sharaɗin zuwa awa talatin, baiwar Allah ta samu shiga. Har yana hango yadda za ta gode masa. Ƙorafi kan sharaɗi dole a shigar da shi kafin ranar rufe tayi, in an makara da minti ɗaya shi ke nan, shi kuwa bai taɓa makara ba. A shafi na uku ya rubuta, a ƙarshe ya sa hannu: "Babu wani ƙaramin kamfani, har da kamfanin mai ƙorafi, da zai iya kai awa saba'in da biyu."

Lauyoyin hukumar da ta fitar da batun suka duba. Batu ɗaya ne cikin ɗaruruwa, shari'ar za ta ci kwana ɗari, kafin a gama shekarar kasafi ta wuce. Ga kuma sunan Brubaker a ƙasa, sunan da ke sa musu ciwon kai tun kafin su karanta. Suka yi abin da ya fi sauƙi, suka janye batu na arba'in da bakwai gaba ɗaya, wai za a sake duba sharuɗɗansa. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san batun da aka tafi sake dubawa ba ya cika dawowa ba. Ofishin Washington ya aiko da shafi ɗaya: tunda hukuma ta ɗauki mataki, an rufe ƙara.

Lyle ya biya kanti ya sayi gilashin rataye takarda, ya biya wajen masu gasa burodi ya sayi kwalin donat. Ya shigo yana fito.

Vernice na tsaye gaban teburinsa. Da safen nan ta shiga kwamfuta za ta ɗora tayinta, saura kwana biyu a rufe, ta tarar batun babu shi. Ta bi sawu har ta samo dalilin, ta buga shi, yana hannunta.

"Dakta, ɗauki donat! Mun durƙusar da su!"

"Mu da wa?"

"Sun janye mana! Ki jira su dawo da shi, awa talatin za ki gani, in sun yi taurin kai arba'in."

"In yi me da awa talatin?" Ta buɗe shafi na uku ta karanta masa a hankali. "Har da kamfanin mai ƙorafi. Ka sa hannu, Lyle. Ka rubuta wa gwamnati cewa ban iya ba."

"Haba Dakta, ai ba abin kunya ba ne. Dabara ce ta shari'a, ba za ki..."

Ta ɗaga kofin gahawarsa ta ajiye gefe. Ta shiga tarin takardun da ke ƙarƙashi, duk sun yi zobe-zobe da gindin kofi, wasu sun manne da juna, ta tona har Janairu ta zaro ɗaya ta sa masa a hanci.

"Karanta."

"Tamanin da..." Ya tsaya.

"Ƙarasa."

"Da ɗaya."

"Mako goma sha huɗu ina ajiye maka."

Mutumin da ya rubuta shafi arba'in da ɗaya ya shiga laluben magana. Da ya samo, ga abin da ya samo: "Ai da kin gaya mini."

Vernice ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Amma abin ya yi mata ciwo har cikin ƙashi, kuma ba kwangilar ce ta fi damunta ba. Mutumin nan ne na fagen daga da ke kwance yana kallonta, wanda shekara da shekaru take shirya masa amsa, ga amsar ta kammala, an rufe ta a ɗakin guga. Ta yi mako biyun da ake yi kafin barin aiki, ta cire wayar firiji ta naɗe, ta ɗora akwatin a kan bencin aiki, ta kama hanyar Columbus.

A watan Yuni Mista Sipe ya yi ritaya. Wata Alhamis Pettibone ya jawo shi wajen Marge, ya zaunar da shi daf da Lyle da gangan.

"Kai ne Brubaker?" in ji ɗan gajeren mutumin. "Wata guda ina zaune kusa da waya ina jiran kiranku. Shekara biyu na yi ina bin ofis-ofis kafin a yarda a sa batun nan."

"Don wa ka sa saba'in da biyu?"

"Don soja. In guguwa ta taso a kan dutse, jirgi kan yi kwana uku bai sauka ba. Amma ban yarda abu ne mai yiwuwa ba sai da na ga akwatin matar nan a teburinku, ta nuna mini inda ta dosa."

"Ni ranar farko na kira shi," in ji Pettibone, "na ce namu hamsin ne iyaka, ba za mu shiga ba. Fili naku ne ku kaɗai, Lauya. Ko kare ba zai bi ku ba."

Kowa ya zuba wa Lyle ido. Wani mutum da sai ya sunkuyar da kai. Shi kuwa fuskarsa haske ta yi, ya daki tebur har cokula suka yi tsalle.

"To kun ji da kunnenku! Ashe gaskiyata ce, da wani a ransa ya rubuta!"

Ba wanda ya yi dariya. Marge ta zo da tulun gahawa ta tsaya a kansa ta ce, "Ci abincinka, Lyle, ya huce."

Ya rataye takarda ta goma sha biyu a bango, ya daidaita ta da sauran.

Da kaka ta yi, ganye ya fara zuba, sabon jeri ya fito. Lyle ya shinshino wani sharaɗi na shida a wani batun da bai shafi jini ba ko kaɗan, ya rubuta shafi talatin, ya sayi gilashi, har ya buga ƙusa ta goma sha uku tun amsa ba ta zo ba. Amsar ta zo cikin mako biyu, layi huɗu. Ƙorafi haƙƙin wanda zai iya miƙa tayi ne. Kamfanin mai ƙorafi ba shi da mai bincike, ba zai iya miƙa tayi ba, saboda haka maganar ba ta shafe shi ba.

Ya san dokar, shi ma ya taɓa jifar wani da ita. Ya jawo fom zai sa sunansa a layin mai bincike, ai shi ma injiniya ne. Sai fom ɗin ya tambaye shi binciken da ya yi cikin shekara biyar da suka wuce. Ya ɗaga kai ya dubi bango. Nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Kwangila ta kuɓuce masa sau da yawa bai damu ba, amma a ce ko kuka ba shi da izinin yi, wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Mutumin da ba ya kiran kowa ya ɗauki waya ya kira Columbus.

"Dakta, Lyle ne."

"Na gane muryar."

"Ya Columbus? Ya yayar taki?"

"Lafiya lau. Me ake ciki?"

"Wata 'yar alfarma ce. Sunanki kawai nake so in sa a fom. Ba sai kin zo ba, ba abin da za ki yi."

Muryarta ta sauko. "Akwatin ne? Sun dawo da batun?"

"A'a, wani ne daban. Amma Dakta, in kin ga abin da suka rubuta a sharaɗi na shida, wallahi ke ma sai ranki ya ɓaci."

Ya ji ta ja numfashi.

"Lyle, watan waya ya wuce. In kana da magana, ka rubuto a rubuce."

Ta ajiye. Ya zauna da wayar a hannu. Ƙusa ta goma sha uku na bango ba komai a kanta, a bayan bangon kuma akwatin na kan benci inda ta bar shi, ƙura ta fara hawa murfin.